Zobe a Ƙafar Tsuntsu

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan tsuntsayen nan na bakin ruwa. In yara suka kamo su aka soya, sai in ture kwanon, ku ce Baba Altine ya tsufa ya fara tsirfa. Wasunku ma sun ɗauka gado ne, wai gidanmu ba a cin su tun kaka da kakanni. Ba gado ba ne. Na ci su har na gaji, kuma a zamanina babu wanda ya kai ni iya kama su daga Magarya har bakin Wurno. Abin da ya raba ni da su shi zan faɗa yanzu, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Saboda Hajo nake faɗa musamman. Ni na raine ta, ni na aurar da ita, amma kowa ya san 'yar wana Dikko ce, kuma abin da ta tashi tana ji a gari shi ne ubanta ya tsere ya bar ta tana rarrafe. Ta haifi maza huɗu, duk lokacin da mijinta ya ce a sa wa ɗaya sunan mahaifinta sai ta ce a'a. Ina zaune ina ji, ban taɓa cewa komai ba.

A lokacin muna wata 'yar tunga a gefen fadamar Rima, muna sana'ar su, muna noman shinkafa. Gidan ba yawa gare mu ba: Baba, wanda ake kira Malam Ango, da Inna, da Dikko, da ni, da matata Kulu wadda take da cikin fari. Matar Dikko ta rasu wajen haihuwar Hajo, don haka yarinyar tana hannun Inna. Dikko ƙaƙƙarfa ne, mai ɗaukar jirgin ruwa shi da mutum ɗaya, ba ya magana sai ta kama. Ni kuwa tun ina yaro ƙirjina yake kuka, in na shiga ruwan sanyi sai in kwana uku ina tari. Shi ya sa aka bar mini aikin da ba ya son ƙarfi, wato tarko. Ina murɗa gashin wutsiyar doki in yi zarge, in jera a jikin igiya, in kafa a laka inda tsuntsu ke kiwo. Bakina kuma ya fi hannuna aiki, wannan duk wanda ya san ni zai shaida.

Tsuntsayen da nake magana ba 'yan gari ba ne. Balbela da zalɓe da zakaran ƙeƙuwa muna tare da su rani da damina. Waɗannan kuwa sai ruwan sama ya ɗauke, gulbi ya fara janyewa ya bar laka, sannan ka tashi wata safiya ka tarar sun cika fadama, ramammu, masu dogayen ƙafafu, ga alamar sun sha tafiya. Mu dai baƙi muke ce musu. Su yi ta tsaga laka da baki, su tsinci shinkafar da ta zube wajen yanka, su yi ƙiba. Kafin shamuwa ta iso da labarin damina sai ka neme su ka rasa. Inna takan ce Makka suke zuwa. Baba yakan ce ta bar faɗin abin da ba ta sani ba. Babu wanda ya damu ya sani, tunda duk shekara suna dawowa.

Shekarar da nake ba ku labari shekarar tsoro ce. Ana yaƙin Nasara da Jamus, kuma ko da yake ba mu ji ƙarar bindiga ba, yaƙin ya shigo mana har ɗaka. Ana ɗibar samari soja, ana kuma ɗibar wasu zuwa haƙar kuza a Jos, abin da muke kira ɗiban gwamna. Ɗan maƙwabcinmu ya tafi da ƙafarsa, aka dawo da shi a kan jaki yana tarin jini, bai ga damina ba. Abin da kowa ya koya a shekarun nan shi ne kada sunanka ya shiga kunnen hukuma, ko da alheri ko da sharri. In ka hango jar rigar dogari a kan hanya, sai ka tuna kana da aiki a cikin dawa.

Wata safiya na je duba tarkona na tarar ya yi kamu. Na yanka su a nan take kamar yadda na saba, na sauka bakin ruwa ina wanke musu laka. A ƙafar ɗaya sai na ji wani abu mai tauri. Da na goge, sai ga zobe fari, siriri, ba nauyi, an lanƙwasa shi a ƙafar tsaf. Na sa bakin wuƙa na buɗe shi. Na ga wasu 'yan zane-zane a jiki, na ɗauka ado ne. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne Allah ya ba ni azurfa, zan sa a yi wa Kulu ɗan kunne in ba mutane mamaki. Na ƙulle shi a bakin wando ban faɗa wa kowa ba. Tsuntsun kuwa ya shiga miya da 'yan uwansa, duk gidan muka ci.

Ranar kasuwar Wurno na kai shi rumfar wani maƙerin farfaru. Da na miƙa masa a ɓoye na yi shiru, da abin ya tsaya a nan. Amma sai da na ɗaga murya, don na kusa su ji Altine ya zo da azurfa. Maƙerin ya auna shi a tafin hannu.

"Wanga ba azurhwa ba ta," in ji shi. "Ina kas samo shi?"

"Ga ƙahwar tsuntsu," na ce, ina dariya.

Ya juya shi ya kai kusa da ido. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya ajiye shi a ƙasa ya goge hannu a riga. Ya ce rubutun Nasara ne. Kafin in ɗauka mutane sun taru, har wani ya kirawo malamin haraji da ke wucewa, tunda shi ya yi boko. Malamin ya daɗe yana dubawa.

"Lamba dai na gane ta," ya ce. "Amma sauran ba Turancin da anka koya muna ba na. Kila na Jamus na."

Ban san yadda na fita daga kasuwar nan ba. Na dai tuna mutanen da suka matso ɗazu duk sun ja baya sun ba ni hanya, kuma na ji wani yana faɗa wa wani cewa ɗan Malam Ango ne na tunga.

Sai kun san yadda muke a lokacin za ku gane abin da ya faɗo wa gidanmu. A wurinmu duk abin da aka sa wa shaida yana da mai shi. Raƙumi da saniya ana yi musu lalas. Akuya ana tsaga mata kunne. Kaza ma, mace takan ɗaura mata zare a ƙafa don kada ta ɓace cikin na maƙwabta. In ka tsinci dabba mai shaida, sai ka kai cigiya wurin hakimi. In ka yanka ka ci, kai ɓarawo ne, ba wata magana. Ba mu taɓa jin an sa wa abu shaida don wani dalili ban da mallaka ba. Da na zube a gaban Baba na faɗa masa, bai zage ni ba, kuma na fi son a ce ya zage ni.

"Ka yanke dabbar mutane, Altine," ya ce. "Kuma munka ci. In na Nasara na, mun yi mai sata. In na Jamus na, sai a ce gare mu anka aiko shi."

"A jehwa shi gulbi," in ji Inna. "Wa yag gani?"

"Kasuwa duka ta gani."

Bayan kwana biyu, da hantsi, muna ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida muna ɗinkin koma, ragarmu ta kamun kifi, ni da Baba da Dikko, sai ga dogari a kan doki. Ko sauka bai yi ba. Ya ce labari ya kai kunnen wani Bature da ke rangadi a Rabah, ranar Alhamis zai sauka barikin Wurno, kuma ya ce a kawo masa zoben da mutumin da ya kama tsuntsun. Baba ya tambaye shi abin da za a yi wa mutumin. Ya ce shi ɗan aike ne, abin da ya sani kawai Nasara ya tambaya har sau biyu. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yak kama shi?"

Allurar ɗinki tana hannuna. Ni da ake cewa ba a rufe mini baki, sai ga ni ina ta juya ta. Na ga Jos, na ga ɗan maƙwabcinmu a kan jaki. Dikko ya ɗago ya dube ni, ya ba ni lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni lokaci. Na sunkuyar da kai ina kallon koma.

"Ni na," in ji Dikko. "Ni nib ba yaro shi kai kasuwa."

Da dogarin ya tafi, na fara wata 'yar magana wadda ni kaina ban san inda ta dosa ba. Dikko ya katse ni. Ya ce da wannan ƙirjin nawa ko sati ba zan yi a hannunsu ba, ga Kulu da ciki, shi kuwa ba shi da mata. Ya koma kan ɗinkinsa kamar ba abin da ya faru.

Kwana ukun da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Mutane suka riƙa shigowa suna zama shiru kamar gidan makoki, kowa kuma kafin ya tashi sai ya ajiye mana abin da ya ji. Wannan ya ce a Sakkwato ana rataye masu hulɗa da Jamus. Wancan ya ce ba a ratayewa, jirgin ƙasa ake sa mutum a kai shi bakin teku. Wata tsohuwa ta rantse tsuntsun wasiƙa ya ɗauko, mun cinye manzo. Babu wanda ya ga ko ɗaya da idonsa, amma duk mun yarda. Inna ta daina cin abinci. In doki ya yi haniniya a nesa sai Kulu ta saki abin da ke hannunta. Ni kuwa ko fadama na kasa zuwa, don in garken baƙin nan ya tashi gaba ɗaya sai in ga kamar kai ƙarata za su yi. Inna ce ta fara kawo maganar gudu, ta ce ƙasar da Faransa ke mulki can arewa tafiyar kwana biyu ce, ya je ya fake har Nasara ya manta. Baba ya ce sam, wanda ya gudu ya amsa laifi, a tsaya a ga abin da Allah zai yi. Suka yi ta ja a gaban Dikko.

Ranar Talata da la'asar ya ce in raka shi duba jirgi. Muka tsaya a bakin gulbi, baƙi suna ta kiwo a laka ba abin da ya dame su.

"Inna ta ce in tahi, Baba ya ce in tsaya," ya ce. "Kai mi kag gani, Altine?"

Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Kulu ta koma ga Allah ba ta ji ta ba. Na ce masa ya tafi. Na kawo masa dalilai masu kyau, na ce ya tuna da Hajo, gara uba mai nisa da uba a kabari. Amma ba Hajo ce a raina ba. Tsoro nake kada a matsa shi da bulala ya faɗi sunana, ko a kira maƙerin nan ya ce ai yaron da bakinsa ya ce shi ya cire zoben. Na lissafa cewa in Dikko ya gudu, laifin ya bi shi ke nan, ba mai sake waiwayata. Sai ya ce to.

Washegari da safe ya saɓa koma a kafaɗa kamar mai zuwa su. Ya ɗauki Hajo ya ɗora ta a wuya ya zaga tsakar gida da ita, tana jan kunnensa tana dariya. Sannan ya miƙa wa Kulu ita ya ce ga ajiya. Ni kuma ya ce mini zai bi ta Goronyo, in abu ya lafa in neme shi wurin masu jirgin fito.

"Kahin baƙin ga su tashi na dawo," ya ce.

Ranar Alhamis Baba ya sa farar rigarsa ta sallah, ya nuna wa Inna inda irin shinkafa yake, ya nemi gafararta. Ya ce tunda babu ɗan, uban zai je. Na bi shi a baya, ba don jarumta ba, don dai na kasa zama in kalli idon Inna. Muka tarar da Baturen a ƙarƙashin itace a bariki, saurayi ne ma, wuyansa ja, da madubin hangen nesa rataye a ƙirji. Baba ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ajiye zoben a kan tebur.

"Ni na uban yaron," ya ce wa tafinta. "Abin da za a yi mai, a yi mani."

Ban ma tabbata tafintan ya juya maganar ba. Baturen ya ɗauki zoben, ya karanta, sai ya miƙe tsaye yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya shiga ɗaki da gudu ya fito da wani littafi cike da hotunan tsuntsaye, ya ce a nuna masa wanne ne. Baba bai san su ɗaya-ɗaya ba. Ni na matso na buɗe, na sa yatsa a kan tsuntsun. Baturen ya tambaya ko ni na kama shi. Na dubi fuskarsa na ga babu bulala a cikinta, sai na ce ni ne. Maganar da ta gagare ni a gaban dogari ta fito sumul, a ranar da ba ta da sauran amfani. Baba ya juyo ya dube ni, kuma wannan kallon yana nan tare da ni har gobe.

Ta bakin tafinta Baturen ya ce tsuntsun a wata ƙasa aka ƙyanƙyashe shi can arewa, bayan hamada, bayan teku, inda in sanyi ya zo ruwa ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. In sanyin ya matso sai su taso, su ƙetare tekun da hamadar su zo fadamarmu su ci, in lokaci ya yi su koma su yi ƙwai. Ya ce akwai masu ilmi a can da ke sa musu zobe don su san inda suke zuwa, kuma in yaƙi ya ƙare zai rubuta musu cewa nasu ya iso Rima. Baba ya saurara har ƙarshe.

"To, wa ad da shi?" ya tambaya.

"Ya ce ba kowa."

"Mutum shi sa ma abu shaida, kuma ba nashi ba?"

"Haka su ka yi, Malam."

"Babu laihi ke nan?"

"Babu. Ya ce ma a gode maka."

Baturen ya kwafe rubutun a takarda ya mayar wa Baba da zoben, wai ya ajiye don tunawa. Muka kamo hanyar tunga, Baba a gaba, ni a baya.

A ranar na kama hanyar Goronyo, ina tafe ina tari. Masu fito suka ce sun ga mutum mai kama da shi, amma ya hangi wasu dogarai a bakin mashaya bai tsaya ba. A wajen Giyawa wata mata ta ce ta ba wani baƙo fura, ya tambaye ta hanyar arewa. Daga nan sawu ya ɓace. Da rani na ƙetara har Madawa da Ƙonni ina cigiya, a nan na gane can ma ɗibar mutane ake yi aikin tilas, kuma baƙon da ba shi da kowa shi ake fara kamawa. Wani ya ce ya gan shi cikin masu fasa dutse, wani ya ce a'a, ya bi ayarin Buzaye. Shekara uku ina fita duk rani, ban samo ko hularsa ba.

Baƙi suka tashi a shekarar, Dikko bai dawo ba. Da kaka suka sauko. Inna, wadda a da ba ta zuwa fadama sai da dalili, ta riƙa goya Hajo tana zuwa bakin laka ta tsaya. Ta ce mini tunda ɗan tsuntsun da bai fi tafin hannu ba ya ƙetare teku ya gane fadamarmu, ɗanta ma zai gane. Haka ta yi duk shekara har ƙafafunta suka gaza. Baba bai sake tayar da maganar ba, kunya ta hana shi, wai a ce gidansa ya watse a kan abin da ba laifi ba. Sannu a hankali gari ya manta da tsuntsu da zobe, abin da ya rage a bakin mutane kawai shi ne Dikko ya gudu ya bar 'yarsa. Ni kaɗai nake da abin da zan gyara maganar da shi, kuma na ga ta fi mini sauƙi a yadda take. Tarko dai ban sake kafawa ba, naman kuma ya daina wuce mini maƙogwaro.

Hajo, ubanki bai tsere ya bar ki ba. Sau biyu ya dube ni yana jiran abin da zan ce, na farko na yi shiru, na biyu na ce ya tafi. Duk abin da na yi miki tun daga goyo har aure, ajiyarsa nake riƙo, kuma ina jin tsoron haɗuwa da shi fiye da yadda na ji tsoron dogarin nan. Zoben yana cikin ɗan tandu a ƙasan akwatina, naki ne, ki zo ki karɓa. Makon jiya baƙi suka sauka, na ji kukansu daga nan ɗaki. An gaya mini matar autanki ta kusa sauka. Ni ki kira ni duk abin da kika ga dama, na cancanta. Amma in namiji ne, ki bari a sa masa Dikko.